Keken Babana a Titunan Damagaram

Keken da na hau ran nan na babana ne, baƙin Phoenix ɗan ƙasar Sin, mai kariyar ƙarfe da aka yi wa walda har sau biyu. Kafin ya zo hannuna ya yi shekaru yana kai buhun hatsi kasuwar Belbeji, ya komo gida da jarkar ruwa biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. A ƙasarmu ta Tarka rabin tafiyar mai keke turi ne, don rairayi ba ya barin taya ta juya, inda kuma rairayi ya ƙyale ka ƙaya ba za ta ƙyale ka ba. Da na ci jarrabawa aka tura ni lise a Damagaram, Baba da kansa ya ɗaure keken a saman motar kasuwa, ya ce, "Ga ƙafarka nan. Kada ka ba kowa aro."

Shi ya sa ranar da malaminmu na tarihi, wanda muke kira Mushe, ya ce duk mai keke ya fito Lahadi da safe za mu zaga gari, na ɗaga hannu na ce, "Mushe, me za mu ɗauko?" Aji ya kwashe da dariya. Ya ce ba abin da za a ɗauko, shan iska ne kawai. Ni dai ban taɓa jin an hau keke don a sha iska ba, balle a watan Janairu da iskar ke neman hallaka mutum.

A farkon 2019 ne, makonni kaɗan bayan bikin 18 ga Disamba da aka yi a Damagaram, wanda aka raɗa wa suna Zinder Saboua. Manyan tituna sun sha sabuwar kwalta, an kafa fitilu, fenti bai ko dushe ba. Muka haɗu mu goma sha ɗaya, Mushe na goma sha biyu, a bakin makarantarmu mai sunan Sarki Amadu Kuran Daga. Hazo ya rufe gari, rana ta fito fara fat kamar faranti, kana iya kallonta ido da ido. 'Yan gari sun zo a naɗe, wannan da hular sanyi, wancan da safar hannu, leɓe duk ya sha man kaɗe. Ni da wani ɗan Gangara muka dubi juna. Wanda ya kwana a filin ƙasarmu ta Damargu lokacin da jaura ke kaɗawa daga Abzin, ba bango ba dutse, ba zai kira wannan ɗari ba. Haka muka faɗa musu, amma gaskiya yatsuna sun ƙage a kan birki, na ɓoye ne kawai.

Doka ɗaya Mushe ya kafa: duk wanda ya wuce shi, shi zai sayi shayin kowa. Shi kuwa tuƙinsa kamar na mai rakiyar amarya, ya taka feda sau ɗaya ya bar keke ya gangara, yana nuna wani abu da hannu. Da farko abin ya ishe ni. Daga baya na lura shekara biyu ina bin hanyoyin nan kaina a sunkuye, ban taɓa ɗaga ido sama da ƙofar shago ba.

Muka sha koko da ƙosai a tsaye kusa da Kasuwar Dole, 'yan kabu-kabu na yi mana tsiya wai ko tsere ne na tsofaffi. Daga nan muka nufi Zango.

A Zango ne muka daɗe. Akwai tsofaffin gidajen fatake, na ƙasa, masu zanko a kan soro da zane a fuskar zaure, wasu an sabunta launinsu, wasu damina ta cinye rabin adon. Mushe ya jingine kekensa ya ce nan ne masaukin ayari, bayan ganuwa, tunda baƙo ba ya kwana a Birni da raƙumansa. Hanya ta taso daga Tarabulus, ta bi Gat da Agadas, ta ratsa Damargu, ta sauka nan, sannan ta wuce Kano. Ya ce Baturen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, a Damargu ya rabu da abokan tafiyarsa biyu a Janairun 1851, kowa ya kama hanyarsa. Sai ya juyo ya nuna ni da ɗan Gangara ya ce, "Ga masu ƙasar nan, ku tambaye su." Ban da abin cewa. Ni a sanina garinmu wuri ne da ake bari a zo birni neman ilimi, ban san yana cikin darasi ba.

Muna shirin tashi na ji tayar baya ta kwanta. Aka nuna mana wani tsoho mai faci a gindin bedi, yana jin ɗumin garwashi a kasko. Ya zare tub ya tsoma a ruwa, yana juyawa yana ƙirga tsofaffin facin da ke jiki, har goma sha huɗu. Sannan ya bi cikin tayar da yatsa, a hankali, ya zaro wata ƙaya da ta yi baƙi. Ya ɗaga ta ya duba.

"Ɗana, wannan ba ta garin nan ba ce. Ta aduwa ce, ta daɗe a ciki tana cin roba. Daga ina kake?"

Na ce, "Daga Tarka, Baba."

Ya ajiye tub ɗin. Ya ce kakansa yaron wani madugu ne, kuma tun yana ƙarami yake jin labarin Damargu a bakinsa: rumbunan hatsi da Buzaye ke zuwa aunawa su kai Abzin, da gashin jimina da ake tarawa a can a ɗaure a kai Tarabulus. Ya nuna gidajen da ke bayanmu da haɓa ya ce, "Waɗannan sorayen da malaminku ke nuna muku, da guminku a ciki." Ban san iyakar gaskiyar lissafinsa ba, tsofaffi sukan ƙara gishiri in sun sami mai saurare. Mushe dai bai musa ba, sai ma ya fito da ɗan littafi yana rubutawa. Da tsohon ya gama na miƙa masa dala ashirin, ya karɓi goma ya mayar mini da goma, ya haɗa da ƙayar. Na sa ta a aljihu.

Barikin soja da ke bisa duwatsu daga nesa muka hange shi, ba a matsawa, ba a ɗaukar hoto. Mushe ya ba mu labarin a kan keke: an kashe Kyaftin Cazemajou a garin nan a 1898, Faransawa suka dawo a 1899 suka ci yaƙi a Tirmini, Kuran Daga bai ga ƙarshen shekarar ba. Garin ya zama babban birnin mulkinsu har 1926 da suka kwashe suka koma Yamai. Wani ɗan gari ya ce har yau ba su yafe ba. Muka yi dariya, shi bai yi ba.

A Birni kwalta ta ƙare. Lunguna ne matsattsu da ke zagaya manyan duwatsu, wani gida ma dutsen ne bangonsa na baya. Ganuwar Sarki Tanimun, wanda ya yi kimanin shekara talatin yana sarauta har aka ƙera masa igwa a garin, saura guntaye, awaki na hawa. Dole kowa ya sauka ya tura, nan fa 'yan gari suka fara haki, ni kuwa kamar an mayar da ni gida. A ƙofar fada muka jingine kekuna nesa, muka gaida dogarai cikin ja da korensu, suka amsa ba tare da sun motsa daga inda rana ta fara sauka ba. Masallaci na fuskantar fadar, fili a tsakani, tattabaru na tashi suna sauka. Na so mu ƙara zama.

Abin da fentin biki bai kai gare shi ba shi ne layin jarkoki. Ƙishirwar Damagaram ta girmi kowa a cikinmu, kuma a bayan fada kaɗan muka tarar da famfo, jarkoki rawaya sun yi layi har kwana. Wata dattijuwa ta cika biyu tana neman mai kura ba ta samu ba. Ta bi kekunanmu da kallo ɗaya bayan ɗaya, na 'yan gari sirara marasa kariya, har idonta ya tsaya kan nawa.

"Ɗan nan, don Allah."

Na ce, "To, Inna." Igiyar roba na nan a ƙarƙashin sirdi inda Baba ke ajiye ta. Na ɗaure ɗaya dama ɗaya hagu, ban ko yi tunani ba, hannuna ya san aikin. Ta ce gidan na gangare, ƙofa mai shuɗin fenti. Mushe ya ce mu raka ta gaba ɗaya, ya shige gaba.

Da na hau sai na ji keken ya zauna daidai, karo na farko tun safe, ya bar rawar da yake yi in ba kaya. Amma lita hamsin a gangare ba ta san dokar Mushe ba, birkin kuma tun a Tarka sai an taimaka masa da ƙafa. Na wuce ɗan Gangara, na wuce mai safar hannu, na wuce Mushe ina jan silifa a ƙasa, ihu na bina a baya: "Shayi! Shayi!"

Kofi goma sha biyu, dala ashirin-ashirin, a wurin wani mai shayi da ke bakin hanyar komawa. Dala ɗari ce da 'yan canji a aljihuna. Na zazzage su a kan tebur, ƙayar ta faɗo tare da su. Mushe ya ɗauke ta ya juya, ya cika sauran kuɗin, ya ce wannan zai riƙe ta jingina sai na biya.