Kiɗan da ba ya magana

Da hutun bara na bar Magaria na je Dungass, bikin ɗiyar baffana. Bayan isha'i mai DJ ya tada inji, ya saki wani kiɗan Afirka ta Kudu, wai shi amapiano. Ba waƙa ciki, sai wata gangar kwamfuta mai dukan ƙirji. Ni da nake cewa irin wannan hayaniya ce kawai, sai ga ƙafata tana motsi.

Can gefe bisa tabarma, tsohon makaɗin gidanmu na zaune, kalangu a cinya. Ba wanda ya kira shi.

A aji an koya mana cewa Hausa harshe ne mai karin sauti: sama, ƙasa, faɗuwa. Shi ya sa kalangu ke magana. A matse igiyoyin, a sassauta, sai ka ji kirarin kakanka. Na'ura kuwa ba ta san sunan kowa ba.

Na je na durƙusa na gaishe shi, kunya ta rufe ni. Na ce, "Baba, wannan kiɗa fa ba ya cewa komi."

Ya yi dariya. "To, me ƙafarki ta ji, ɗiyata?"

Da na koma jami'a na nemo kaset ɗin da Mamman Sani ya yi a Yamai cikin 1978. Ashe tun kafin a haife ni ɗan Nijar ya sa lantarki ya rera waƙoƙin ƙasarmu. Kullum dare yanzu sai na saurare shi.

Amma bikin ƙanwata na tafe bayan girbi, kuma ni aka damƙa wa kuɗin kiɗa. Wallahi ba za su ishi mutum biyu ba.