Godiya ga Ɗan Maraɗin da Ya Nuna wa Bakano Hanyar Jirgi

Ɗana, ban nemi izininka na sa sunanka a takarda ba, saboda haka ba zan sa ba, kai dai ka san kanka. Wata uku ke nan da dawowata Kano, dabinon da na je nema ya iso har 'yan kiri sun fara ɗauka, amma nauyin gode maka bai sauka daga kaina ba. Abin da na faɗa maka ran nan a tsaye, jaka a kafaɗa, gumi na tsiyaya, bai isa a kira shi godiya ba. Sauri kake yi, ni kuma a ruɗe nake.

Bari in gaya maka yadda aka yi na tsinci kaina a inda ka same ni, don a ranar ba mu samu sukunin wannan hirar ba. A ƙarshen Agusta 2025 na sauka Riyad, lokacin da rana ke wuce maki 40 tun kafin azahar. Niyyata in wuce Buraida ta yankin Ƙasim, inda ake cin babbar kasuwar dabino duk shekara idan dabinon sukari ya nuna. Na je Makka da Madina ba sau ɗaya ba, har na hau jirgin Haramaini da aka buɗe a 2018, sai na ɗauka na san Saudiyya. Ashe tafiyar alhaji daban, tafiyar mai neman kai daban. A aikin hajji akwai jagora, akwai malamin bita, akwai motar da ke jiranka a ƙofar masauki. A Riyad kuwa daga ni sai wayata. Na kama ɗaki a Bat'ha, tsohuwar unguwar kasuwa, washegari na tare tasi na ce da direba tashar jirgin ƙasa, da ɗan Larabcin da bai wuce cikin cokali ba. Bawan Allah ya kai ni inda na ce. Ba laifinsa ba ne.

Na tsaya gaban allon tashar na karanta daga sama har ƙasa. Damam, Hufuf, Abƙaiƙ. Na sake karantawa. Babu Ƙasim, babu Buraida. Na kira uwargida ina mita da ƙarfi, kamar ita ce ta rubuta allon. Ina ajiye waya sai na ji murya a bayana ana cewa, "Baba, ina kwana, lahiya dai?" Wannan "lahiya" ita ta gaya mini daga inda ka fito tun kafin ka faɗa. Da farko na zaci kai cikin Hausawan Saudiyya ne, jikokin waɗanda suka taka da ƙafa suka zo hajji suka zauna, irin su Usama da Umar da Mu'utaz Hausawi da suka buga wa ƙasar ƙwallo a gasar duniya ta 2018. Sai ka ce a'a, daga Maraɗi kake, ɗalibi ne a Jami'ar Imam, za ka Hufuf gaida wani malaminka, jirginka saura kamar awa guda.

Kai ka fahimtar da ni cewa Riyad tashoshin jirgin ƙasa biyu gare ta, kuma nesa suke da juna. Wadda muke ciki ta gabas ce, ta tsohon layin da aka buɗe a 1951 zamanin Sarki Abdul'aziz, wanda ke kai wa Damam a bakin teku. Jirgin arewa kuwa, da ya fara ɗaukar fasinja a 2017, tasharsa can take wajen hanyar Sumama kusa da filin jirgin sama na Sarki Khalid, inda na sauka jiya-jiya. Shi ne ke bi ta Majma'a, ya tsaya Ƙasim, ya wuce Ha'il da Jauf har Ƙurayyat a kan iyakar Jodan. Kamfani ɗaya ne, SAR, manhaja ɗaya ce, amma ƙofa biyu. Na ji kamar in nutse. Ni da na fito daga garin da jirgin ƙasa ya iso tun 1911, ga yaron da ƙasarsu ba ta da jirgin fasinja yana koya mini tasha. Da na faɗi haka ka yi dariya har ka dafa bango, ka ce ai shi ya sa ka koya da kyau, don ba ka zo da tsohon sani ba.

Da wani ne, da ya nuna mini ƙofa ya ce in tari tasi, kuma da na gode masa. Kai zaunar da ni ka yi, ka ce in fito da waya.

A nan ne abin da nake son gode maka a kai yake. Mu a gida jadawalin mota a bakin ɗan kamasho yake. Ka je tashar Unguwa Uku ko Ƙofar Ruwa, ka tambayi yaushe za a tashi, a ce maka saura mutum ɗaya, ka zauna ka sayi rake, mutum ɗayan nan ya zama huɗu, ba ka damu ba domin ka san ba za a tafi a bar ka ba. Shekara hamsin da ɗoriya da wannan tarbiyyar na yi. Ba na raina ta, tana da nata jinƙan: ba a barin tsoho a baya don ya tsaya alwala. Amma ta sa ban taɓa koyon karanta lokaci a rubuce ba, sai dai in ji shi daga bakin mutum. Kai ka lura da haka, ba ka kuwa nuna ka lura ba.

Ka ce in nuna maka saƙon da dillalina na Buraida ya turo mini na lokacin da zai tarbe ni. Na ce ƙarfe bakwai ya ce. Ka duba, ka yi shiru kaɗan, ka ce, "Baba, wannan shida ce." Ashe shidan Larabawa ita ce mai kama da bakwai ɗinmu, biyar ɗinsu kamar sifili, sifilinsu ɗigo ne kawai. Abin kunyar, tun ina yaro nake ganin waɗannan lambobi a ƙarshen ayoyi cikin Alƙur'ani bugun Madina, ido na wucewa ta kansu kamar ado. Ka nuna mini ƙaramin harafin da ke bin lokaci, sadi na safiya, mimi na yamma. Ka kama hannuna ka dubi agogona, yana nan a lokacin Kano, awa biyu a baya. Ka tuna mini cewa hutun mako a can Juma'a ne da Asabar, saboda haka kujerun yammacin Alhamis da wuri suke ƙarewa. Duk wannan a cikin minti goma, kana yi kana cewa "kamar yadda kuka sani, Baba," alhali ka san ban sani ba. Wannan ladabin na gida ne, Allah ya saka wa waɗanda suka koya maka.

Sai sayen tikitin. Ka sauke mini manhajar, amma ka ƙi karɓar wayar daga hannuna. Ka ce ni zan danna, don a Buraida ba ka nan. Na zaɓi tashar tashi, na zaɓi ta sauka, na zaɓi rana. Jirgin ranar babu sauran kujera, muka koma na washegari. Na rubuta suna yadda yake a fasfo, harafi da harafi, ka hana ni ƙara "Alhaji" a gaba, na sa lambar fasfon na karanta maka ita sau biyu. Da aka zo biya, katin bankina na gida ya ƙi. Na sake, ya ƙi. Na fara kame-kamen da mutum ke yi don kada a ɗauka ba shi da kuɗi. Ba ka bar ni na gama ba, ka zaro naka katin ka biya. Ɗalibi, mai zaman jiran alawus. Na ƙirga maka riyal a hannu na ɗora ɗan wani abu a kai, ka cire daidai kuɗinka ka mayar mini da sauran cikin aljihun rigata da kanka. Na ce na ruwa ne, ka ce ka sha. Har yau abin na ci mini rai, ba don ka ƙi ba, sai don ban iya samun dabarar da zan sa ka karɓa ba.

Da saura kamar minti ashirin da biyar jirginka ya tashi, na ce ka tafi. Ka ce sai ka sa ni a metro, don kuɗin da na ba mai tasi da safe ya isa in yi kwanaki ina yawo. Ni ban ma san akwai abin a kusa ba. Ka tsayar da ni gaban na'ura, riyal 4 na awa biyu, riyal 20 na kwana uku, kuma tikitin nan ɗaya har bas ɗin gari yana shiga. Ka ce in manta da sunayen layuka, in riƙe launi. Ka zana mini a bayan takardar masaukina: yau ruwan lemo zuwa Ƙasrul Hukum, in sauya zuwa shuɗi in sauka Bat'ha. Gobe shuɗi zuwa arewa har babbar tashar unguwar bankuna, in sauya zuwa rawaya mai zuwa filin jirgi, sauran tazarar in ƙarasa da tasi. Ka ja layi biyu ƙarƙashin wani gargaɗi, cewa rawaya da shunayya dandamali ɗaya suke tsayawa a wannan yankin, in duba goshin jirgi kafin in sa ƙafa. Ka ƙara da cewa in kula da tarago, akwai na iyali, akwai na maza zalla, kada in faɗa cikin mata da jakata. Sannan ka ruga da gudu. Ban san ko ka samu jirgin ba sai da dare, da saƙonka ya shigo kana tambaya ko na isa masauki.

Na isa, har da ƙari. Da na fito a Ƙasrul Hukum na ga rumfar ƙarfen nan mai ƙyalli kamar madubi, sai na taka zuwa ganuwar Masmak da Abdul'aziz ya ƙwace a 1902, na zaga na dawo cikin awa biyun tikitina. Na zauna can gaban tarago inda ya kamata direba ya kasance, babu kowa, jirgi na tuƙa kansa, na yi ta salati a zuci. Layi shida, tasha 85, kilomita 176, kuma a Disambar 2024 aka fara hawa, wato ni da mutanen garin kusan tare muke koyo. Wannan ya ɗan rage mini kunya.

Washegari Juma'a ce, na duba Darb, manhajar metro, da kaina tun da dare kamar yadda ka ce, na ga metro ba ya fitowa da sassafe a ranar, na tsara fitata a kan haka. A dandamali jirgin shunayya ne ya fara zuwa, ƙafata har ta ɗaga, na tuna layi biyun nan naka na janye. Na isa tashar arewa da sauran lokaci mai yawa, na zauna ina kallon masu shigowa a guje. Dillali ya tarbe ni ƙarfe shida, ba bakwai ba. Tikitin dawowa ni na saya a Buraida, da katin dillalin, ba wanda ya taɓa mini waya. A taragon dawowar ma har na nuna wa wani tsoho ɗan Sudan lambar kujerarsa, ina yi ina jin kaina.

Takardar da ka yi zanen tana nan cikin fasfona. Na ware katan biyu na dabinon sukari, kuma wannan karon ba kai zan ba ba, balle ka mayar mini a aljihu. Direban da ke bin hanyar Jibiya zai kai wa mahaifiyarka, ka turo mini kwatancen gidan. Ka gaya mata wani Bakano ya ce ta haifi ɗa, Allah ya raya mata, ya ba ka ilimi mai amfani, ya haɗa ka da mai tsaya maka a inda ba ka san kowa ba.

Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021 ana nan ana aikinsa, na ga inda ya ratsa a hanyar Kazaure. Ranar da ya fara ɗaukar fasinja, tikitinka na farko a kaina yake. Ni zan duba lokacin, ni zan danna, kai dai ka turo lambar fasfo.