Lakar Hunturu da Gudun Fanfalaki

Wanda zai shiga gudun fanfalaki na birnin London a watan Afrilu, a tsakiyar hunturu yake shan wahalarsa. Shirin yakan ci wata huɗu, wato daga Disamba ke nan, lokacin da rana ke faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu na yamma, ba ta kuma fitowa sai wajen takwas na safe. Ma'aikaci ya bar gida da duhu, ya dawo da duhu, don haka gudunsa ma a cikin duhu zai yi shi, ga yayyafi mai ratsa ƙashi.

Na yi shekaru masu yawa ina aiki a Ingila, kuma kusan duk tsawon zamana ina cikin wani ƙaramin kulob na masu gudu a unguwarmu. Babu wanda ake biya ko sisi a cikinmu. Akwai direban bas, akwai malamar makaranta, akwai likitan haƙori, akwai tsofaffin da suka yi ritaya. Daren Talata mu haɗu mu yi gudu mai sauri a hawa tudu, a sauko a sake hawa. Sauran ranaku kowa ya yi nasa a hankali. Ni bayan sallar asuba nake fita, don a hunturu asuba takan yi jinkiri, titi kuma babu kowa. Ranar Lahadi ta doguwar tafiya ce, ana ƙara mata tsawo mako bayan mako har ta kai kilomita 32 ko 35, sannan a sassauta idan ya rage mako uku, jiki ya huta.

Dalilin doguwar tafiyar sananne ne ga duk wanda ya taɓa gwada kilomita 42.195 ɗin nan. Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta yakan kai mutum wajen kilomita 30, daga nan sai ƙafa ta yi nauyi, kai ya ɗaure, wanda ya fara da gaggawa ya koma tafiya yana jan jiki. Gudun Lahadi yana koya wa jiki ya riƙa ƙona kitse tare da sukari, ya yi tattalin abin da yake da shi. Wannan kowa ya yarda da shi. Inda muke samun saɓani da yaran yanzu shi ne ranar Asabar.

Daga Oktoba zuwa Maris, ranar Asabar ta tseren ratsa daji ce. Kulob-kulob na yanki su taru a wani fili ko gefen kurmi, a kafa tutoci, a saki mutane cikin ciyawa da taɓo. Singiletin kulob da gajeren wando kawai ake sawa, da takalmi mai ƙusoshi a ƙasa, kuma mai hankali yakan naɗe takalminsa da salatif don kada laka ta zare masa shi. Al'ada ce tsohuwa a ƙasar: an fara gasar ƙasa ta Ingila tun 1876. A shekarun da ake yin ta a Parliament Hill, a arewacin London, maza fiye da dubu suke jeruwa a gindin tudu, a harba bindiga, su hau gaba ɗaya, ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafa. Kilomita 12 ne, kuma kafin manyan maza su fara, yara da mata sun riga sun dama filin ya zama kunu.

Abin da ya riƙe zuciyata a wannan tsere shi ne yadda ake lissafinsa. Ba a duba agogo. Matsayin da ka zo shi ne makinka: na ɗaya maki ɗaya, na ɗari maki ɗari. A gasar ƙasa ta maza ana haɗa makin mutum shida na farko daga kowane kulob, wanda jimillarsa ta fi ƙanƙanta shi ya ci. Ke nan gwani ɗaya ba ya ɗaukar wa kulob kofi. Sau da yawa na biyar da na shida, can tsakiyar taro inda babu mai kallo, su ne suke raba gardama. Har wanda bai shiga cikin shidan ba yana da amfani, domin idan ya sha gaban na shidan wani kulob, ya ƙara musu maki ɗaya. Na ga dattijo mai furfura yana dagewa a mita ɗarin ƙarshe, numfashi na neman ɗaukewa, don kawai ya wuce mutum ɗaya mai singileti na wata unguwa, abokansa na gefe suna kiran sunansa har murya ta dishe. Mu da muka taso muka ga gayya a gona mun san wannan yanayi: ba a tambayar kunya nawa kowa ya nome, gonar ake duba ko ta ƙare.

Gudun fanfalaki ba haka yake ba. Kai da agogonka ne, ko da mutum dubu arba'in sun kewaye ka. Ina son sa, kuma ba na raina wanda ya kwana da burin sauka ƙasa da awa uku ko huɗu. Amma na lura wata huɗu na lissafin minti da daƙiƙa kan mai da mutum ya zama mai duban kansa kaɗai. Yaran da ke shigowa kulob yanzu da agogo mai auna bugun zuciya da taku sukan ce mini, "Baba, laka za ta ɓata mini shiri, kuma ina tsoron targaɗe." Tsoron nasu yana da tushe, saiwar itace da rami ɓoye a ƙarƙashin ruwa sun kwantar da mutane. Sai dai ƙasa mai laushi ta fi kwalta tausaya wa gwiwa, hawa da gangara suna ƙarfafa idon sawu da cinya, kuma a cikin taɓo mutum yake koyon auna ƙarfinsa da numfashinsa, tunda lambar da agogo ke nunawa ba ta da ma'ana a wurin. Wannan ilimi shi ake buƙata a kilomita 35, ranar da lissafin da aka fito da shi daga gida ya rushe.

Manyan ma ta nan suka bi. Paul Tergat na Kenya ya ci gasar ratsa daji ta duniya sau biyar a jere, daga 1995 zuwa 1999, kafin ya kafa tarihin gudun fanfalaki a Berlin a 2003 da awa 2, minti 4, daƙiƙa 55. Paula Radcliffe ta ci ta a 2001 da 2002, sannan a 2003 ta yi London a awa 2, minti 15, daƙiƙa 25, tarihin da ya tsaya har 2019.

Yanzu gwiwa ta hana ni tsere, sai na koma cikin masu aikin sa-kai da ke tsayawa a kwana suna nuna hanya, ko suna rubuta lamba a bakin layin ƙarshe da yatsu a ƙandare. Ba a cire tuta ko ɗaya sai na ƙarshe ya iso, kuma shi ma ana rubuta lambarsa, a miƙa masa shayi. Duk yaron da ya zo neman shawara kan shirin Afrilu, nakan ce ya zaɓi tseren Asabar uku ko huɗu ya yi wa kulob, washegari ya rage saurin gudun Lahadi sosai, kada ya haɗa wahala biyu a kwana biyu. Idan an gama gasar ƙasa a ƙarshen Fabrairu, ya wanke takalmin ƙusa ya ajiye, ya ba kwalta makonnin da suka rage.