Awa 87 a Wata Duniya



Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan bayani, domin magana ce da magidanci mai furfura a gemu yake jin nauyin furtawa a bainar jama'a. To amma kwanakin baya uwargidana ta tare ni a bakin ƙofa, salularta a hannu, ranta a ɓace, ta ce: «Malam, zo ka ga abin da ɗanka ya yi.» Da na duba, sai na tarar babban yaronmu, mai shekara 15, ya kwashe jika 6 daga kuɗin cefanen da ke ajiye cikin wayar, ya zuba su a wani wasa na jarumai da dodanni. Na ɗaga murya zan yi faɗa, sai muryar ta maƙale, saboda na tuna wani yaro mai irin shekarunsa a Damagaram, wanda ya yi asarar abin da ya fi jika 6 nesa ba kusa ba. Wannan yaron kuwa ni ne.

A shekarar 1999 ina ajin ƙarshe na kolej, yayan wani abokina da ke karatu a Faransa ya zo hutu da wata na'ura mai launin toka, PlayStation ta kamfanin Sony, ya bar wa ƙanensa. Yaran unguwa duk wasan ƙwallo da na dambe suke rububi. Sai dai a cikin kwalin akwai wani wasa mai faifai 3 da ba wanda ya kula da shi, domin rubutu ya yi masa yawa. Sunansa Final Fantasy VII, kamfanin Square na ƙasar Japan ne ya fitar da shi a 1997, kuma namu fassarar Faransanci ce. Ni da abokina muka saka faifan farko wata ranar Asabar bayan azahar, don kawai mu ga abin da ke ciki.

Ya kamata in yi ɗan bayani saboda iyayen da ba su taɓa riƙe manet ba. Irin wannan wasa shi ne Faransawa suke kira jeu de rôle, ni kuwa nakan ce wasan shiga rigar jarumi. Ana ba ka mutum guda a cikin wani dogon labari, ka zama kai ne shi: ka yi tafiya gari zuwa gari, ka yi magana da mutane, ka sayi takobi da magani, ka tara abokan tafiya, ka yi yaƙi da dodanni. Duk yaƙin da ka ci ana ƙara maka maki, idan makin ya taru sai jaruminka ya hau mataki, ƙarfinsa ya ƙaru. Asalin abin a kan tebur ya faro, da takarda da ƴan ƙwayoyin jefawa masu lambobi, lokacin da wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974. Daga baya ya koma cikin kwamfuta, Japanawa kuma suka ba shi nasu salo da Dragon Quest a 1986 da Final Fantasy na farko a 1987. A taƙaice, tatsuniya ce wadda mai sauraro yake da hannu a cikinta. Kakata idan tana ba mu labarin Gizo da Ƙoƙi ba ma iya ce wa Gizo ya bi hanyar hagu. A nan kuwa kai ne Gizon.

Labarin ya fara ne a wani birni mai suna Midgar, inda masu hali suke zaune a bisa wani makeken faranti, talakawa kuma a ƙarƙashinsa, ba sa ganin rana. Wani kamfani, Shinra, yana zuƙo ƙarfin rayuwar ƙasa, abin da suke kira Mako, yana mayar da shi wutar lantarki, ƙasar kuwa tana bushewa. Jarumin, Cloud, sojan haya ne da ya shiga ƙungiyar masu adawa da kamfanin don kuɗi kawai. A lokacin ban fahimci komai ba sai takobinsa mai faɗin ƙyauren ɗaki. Sai da na girma, na ji ana muhawara kan yuraniyom ɗin da ake haƙowa a Arlit tun 1971, da tambayar wa ke cin moriyar arzikin ƙasa, sannan na gane cewa masu wasan nan ba yara kaɗai suke yi wa magana ba.

Abin da ba zan manta ba shi ne ƙarshen faifan farko. A cikin ayarin akwai wata yarinya mai sayar da furanni, Aeris, wadda ita ce mai warkar da sauran idan sun ji rauni. Mun shafe makonni muna raya ta, muna saya mata makami mafi kyau. Rannan da dare, muna zaune a kan tabarma gaban ƙaramar talabijin, sai mugun labarin, Sephiroth, ya diro daga sama ya soke ta. Muka yi dariya tukuna, domin a wasan akwai gashin wani tsuntsu da ake tayar da wanda ya faɗi a yaƙi, kuma muna da shi da yawa. Muka jira a ba mu dama. Ba a ba mu ba. Kiɗan Nobuo Uematsu ya ci gaba a hankali, Cloud ya ɗauke ta ya sa a ruwa, shi ke nan. Abokina ya miƙe ya fita waje wai zai sha iska. Ni kuma na koma gida na kasa cin tuwo, mahaifiyata tana tambayata ko zazzaɓi ne. Ta yaya zan ce mata ina makokin wadda ba a taɓa haifa ba? Mun yi wata guda muna bin jita-jitar cewa akwai dabarar dawo da ita. Babu.

Na faɗi wannan ne domin iyaye su san cewa yaron da ya manne wa irin wannan wasa ba lallai sakarci ne ya riƙe shi ba. Labari ne ya riƙe shi, labari kuwa ya riƙe manya ma tun kafin a ƙirƙiro lantarki.

Sai dai akwai ɗaya fuskar. Kaso mai yawa na lokacin wasan ba labari ba ne, maimaici ne. Idan wani dodo ya fi ƙarfinka, sai ka koma daji ka yi ta kashe ƙananan halittu, guda bayan guda, awa biyu, awa uku, har makinka ya kai. Ga kuma wani tarko: ba ko'ina ake iya ajiye wasan ba. In kana cikin kogo ko gini, sai ka kai wani wuri na musamman kafin ka adana inda ka tsaya a katin ajiya. In ka kashe na'urar kafin nan, ko wuta ta ɗauke, duk wahalar ta tafi a banza. Wannan ne ya koya mini kalmar «bari in kai wurin ajiya». Ladan ya kira la'asar, bari in kai wurin ajiya. An aiko ƙanena ya kira ni, bari in kai wurin ajiya. Sau nawa na sallaci la'asar rana ta yi ja, ina sauri kamar kaza na tsattsagar tsaba, Allah ne kaɗai ya sani, kuma ina roƙonsa gafara. Littattafan lissafi da kimiyya suka yi ƙura. A watan Yuni na 2000 na zauna jarrabawar BEPC, sakamako ya fito, babu sunana.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, tela ne a kasuwar Dole, bai yi lakwal ba, kuma da ɗinkin dare ya biya mini kuɗin littattafai. Bai doke ni ba. Ya ce in kai shi in nuna masa abin da ya cinye ni. Muka je gidan abokina, aka kunna. A shafin da ake duba kayan jarumi akwai agogo da yake ƙirga duk lokacin da aka yi ana wasa. Ya nuna da yatsa ya ce: «Wannan lambar fa?» Na ce: «Awoyin da na yi ne, Baba.» Ya ce in karanta masa. Na ce 87. Alhali wannan na zagaye na biyu ne kawai, na farkon ƙanen abokina ya goge shi bisa kuskure, ban kuwa faɗa masa ba. Ya yi shiru yana lissafi da yatsunsa, sannan ya ce: «A awa 87 ina ɗinka riguna nawa, ka sani?» Ban amsa ba. Ya sa takalminsa ya fita. Na maimaita ajin, na ci a 2001, amma shekarar nan da ta tafi ba ta da wurin ajiya.

Duk da haka zan zama maƙaryaci in na ce ban samu komai ba. Faransancin da mushe ya yi shekaru yana ɗura mini bai shiga ba, a wasan nan ya shiga, domin in ban gane abin da tsohon ƙauye ya faɗa ba, ba zan san inda zan nufa ba. Ƙamus na farko da na buɗe don raɗin kaina saboda shi ne, ko da yake daga baya na gano fassarar tana da kurakurai ba kaɗan ba. A nan na koyi karanta taswira, da tattalin kuɗi kafin doguwar tafiya, da cewa ayarin da kowa mayaƙi ne babu mai jinya ba ya nisa. Aikin kwamfuta da nake ci da iyalina a yau, sha'awarsa daga tabarmar nan ta faro.

Tambayar da iyaye suka fi yi mini ita ce ta sihiri. Gaskiya ne, waɗannan wasanni cike suke da shi: ana jefa wuta, ana kiran halittu su zo taimako. A cikin namu akwai wanda ake kira Ifrit, sunan da muka sani daga Suratun Namli, akwai Shiva, sunan abin bautar Hindu, akwai Odin na mutanen arewacin Turai na dā. A nawa gani, sihirin wasa lissafi ne da aka sa wa riga: ka danna, a cire maki 4 daga naka, a cire 100 daga na dodo. Ban taɓa ganin yaron da ya tashi daga nan ya nufi gidan boka ba. Amma ba na raina damuwar, domin sunaye suna da nauyi, kuma yaro ɗan shekara 8 bai kai ya rarrabe ba. Hukuncin na malamai ne, ni shaida kawai nake bayarwa. Abin da ya fi damuna shi ne shigar da ake yi wa mata a yawancin wasannin, da wasu wurare na batsa da ake cusawa. A Midgar ma akwai unguwar da ba zan so yaro ya zaga shi kaɗai ba. Ga mai sayen wasa daga Turai, akwai lambar shekaru ta PEGI a jikin kwali tun 2003: 3, 7, 12, 16 ko 18. Ba ma'aunin tarbiyyarmu ba ce, amma in su da kansu sun rubuta 18, ai magana ta ƙare.

Wasan zamaninmu yana da wata falala guda da sai yanzu na gan ta: yana ƙarewa. Faifai na uku ya ƙare, sunayen masu aiki su wuce, ka tashi. Tun da World of Warcraft ya fito a 2004 aka saba da duniyar intanet da ba ta da ƙarshe, yau kuma ta shigo salula. Wanda ya ci kuɗin cefanenmu kyauta ake saukar da shi, amma jarumai masu ƙarfi ba a sayar da su kai tsaye. Kuri'a kake saya, a juya, wataƙila ka samu, galibi ba ka samu ba, sai zuciya ta ce ƙara ɗaya. Ban san sunan da za a ba wannan ba in ba caca ba. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ma haka ta yanke a 2018 game da irin waɗannan akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a 2019 ta amince da saka jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka, da sharaɗin cewa mutum ya kasa mallakar kansa, wasan ya danne sauran al'amuransa, ya ci gaba duk da cutar da yake gani, galibi har tsawon wata 12. Da na karanta sharuɗɗan, sai na ga hotona na 1999.

Uwargida ta so a raba yaron da waya baki ɗaya. Na ce mata na san abin da zai biyo baya, zai koma gidan aboki, inda ba mai ganinsa, kamar yadda ubansa ya yi. Muka goge wasan kuri'ar, muka canza lambar sirrin kuɗin, kuma jika 6 ɗin yana biyan su da aikin Asabar a shagona, ya zuwa yanzu ya biya 4. Sannan na ba shi labarin awa 87, wanda ban taɓa ba kowa a gidan ba, har ita. Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya ce: «Abba, kai ma?»

Na nuna masa Aurion, wasan da kamfanin Kiro'o Games na Yawunde ya fitar a 2016 ƙarƙashin jagorancin Olivier Madiba, mai jarumai baƙaƙe da sutura irin ta nahiyarmu, don ya san cewa ana iya zama mai ƙera abin, ba mai saye kaɗai ba. Amma shi tsohon nawa ya nema. Na samo shi a kwamfuta. Muna yi tare daren Asabar bayan isha'i, awa ɗaya da rabi, a falo, agogo a gabanmu, ni ne mai faɗin a tashi. Yana dariyar mutanen, wai hannayensu kamar bulo. Na lura dai dariyar ta ragu. Makon jiya ya kashe duk kuɗin ayarin ya saya wa mai sayar da furanni sabuwar sanda, ya ce ita ce ba ya so ta faɗi. Saura kamar zama uku mu kai ƙarshen kashi na farko, kuma ban gaya masa komai ba.