Karen da ya dace da hannun Baffa

Duna ya mutu ne a tsakiyar hunturun bara, bayan ya shafe shekara 13 yana kwana a bakin garken awakin Baffa. Babu wanda ya je gaisuwa, domin a wurinmu ba a yi wa mutum ta'aziyyar kare, amma duk wanda ya shiga gidan a wannan makon ya ga rashi a fuskar tsohon. Baffa wan mahaifina ne, shekarunsa 79 a duniya. Ya yi aikin jirgin ƙasa har ya yi ritaya, sannan ya koma gidan gonarsa da ke bayan gari, inda yake da awaki goma sha biyu, da kaji, da ɗan lambu na albasa da tumatir. Tun rasuwar Inna shekara huɗu da suka wuce, daga shi sai jikansa ɗan shekara 12 ke kwana a gidan. Idonsa garau yake, amma kunnensa ya yi nauyi, sai an ɗaga murya yake jin sallama. Haushin kare kuwa yana ratsa kunnen da sallama ba ta ratsawa, saboda haka Duna ne ke ji masa. In ya yi haushi sau ɗaya ya yi shiru, Baffa ya san mai wucewa ne. In ya dage, sai ya ɗauki tocila da sanda ya fito.

Ba a yi wata guda da mutuwar Duna ba aka shiga garken da dare aka kwance awaki biyu, Baffa bai sani ba sai da ya fito alwalar asuba. Awakin ba su dame mu ba kamar tunanin cewa mutane sun yi ta kai-kawo a tsakar gidan, taku kaɗan daga ƙofar ɗakinsa, shi kuwa yana barci. Mun roƙe shi ya dawo cikin gari, ya ce shi da gonarsa sai mutuwa. Daga nan magana ta koma kan sabon kare.

Babban ɗansa, wanda muke kira Yaya, yana aiki a Abuja, shi ya yanke hukunci. Ya ce karen bana shi ke maganin zomon bana, ɓarayin yanzu ba sa shakkar karen ƙauye. Ya aika aka sayo masa Boerboel ɗan wata bakwai daga wurin wani mai kiwon karnuka a Jos, a kan kuɗin da ya isa sayen maraƙi. Ba zan ɓoye ba, ina cikin waɗanda suka yaba. Kare ne mai ban sha'awa, ja, mai faɗin ƙirji da katon kai, wanda ganinsa kaɗai ya isa ya sa mutum ya sake hanya. Asalin irinsa daga Afirka ta Kudu ne, inda manoma suka yi kiwonsa domin gadin gonaki masu faɗi, kuma namijinsa in ya cika girma yakan haura kilo 60. Baffa kuwa, ranar da aka ɗora shi a kan sikeli a asibiti, kilo 54 ne. Babu ɗayanmu da ya haɗa waɗannan lambobi biyu a zuciyarsa.

Yara suka raɗa masa suna Janar. Matsalarsa ta fara ne daga ciki. Buhun abincin da aka zo da shi ya ƙare cikin 'yan makonni, da aka ba shi tuwo da dusa kamar yadda Duna ya rayu a kai sai ya kama gudawa, dole aka koma sayen kayan ciki a mahauta, a gidan da mai shi kansa ba kullum yake cin nama ba. Sannan irin wannan kare yana buƙatar a fita da shi ya yi tafiya mai nisa kowace rana, a kuma hore shi da hannu mai ƙarfi tun yana ƙarami. Babu mai yi masa ko ɗaya. Sai ya wuni ɗaure a sarƙa yana lallage cikin zafi, kuma kare mai ƙarfi da aka ɗaure dare da rana zuciyarsa ƙuntata take yi. Ya soma yi wa kowa gurnani. Yarinyar da ke kawo fura ta daina shigowa, sai dai ta tsaya daga nesa ta kwaɗa kira. Tsofaffin da ke zuwa hira da la'asar a ƙarƙashin darbejiya suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Mun kawo kare don kada ɓarawo ya shiga, sai ga shi ya fara da korar abokan Baffa.

Wata safiya, yaron yana makaranta, Baffa ya ga rana ta cimma Janar, tausayi ya kama shi, ya kwance shi zai mayar da shi inuwa. Ya naɗa sarƙar a wuyan hannunsa kamar yadda ya saba yi da igiyar akuya. Wata kaza ta gifta, karen ya zabura, tsohon ya kife. Wuyan hannun ya karye, aka sa masa filasta ta mako shida. Likitan da ya duba shi ya ce mu gode wa Allah da ba ƙugu ba ne, domin karayar ƙugu a irin waɗannan shekaru sau da yawa ita ce kwanciyar da ba a tashi.

Ban ga laifin Janar ba. Ya yi abin da aka halicce shi a kai, kuma na ji labarin yana nan lafiya a hannun wani matashi mai gidan kaji da ya karɓe shi. Laifin namu ne. Mun zaɓi kare gwargwadon tsoronmu, kuma in za a faɗi gaskiya, har da ɗan alfaharin a ce ɗan gidan ya aiko wa mahaifinsa karen Turawa. Ba mu tambayi tsohon ba ko sau ɗaya, shi kuma kunya ta hana shi ƙin kyautar ɗansa.

Da aka ɗora mini neman wani karen, sai na fara da wata tsohuwar abokiyar karatuna, likitar dabbobi. Na je da tambayar wane iri ya fi kyau, ko karen 'yan sanda na Jamus zai fi sauƙi tunda bai cika wuce kilo 40 ba. Ta ce in ajiye maganar iri tukuna, in gaya mata aikin da Baffa yake so karen ya yi. Na yi shiru na ɗan lokaci, sannan na ce ya ji masa motsi da dare. Ta ce to kunne muke nema, ba haƙori ba, kuma kunnen kare mai kilo 15 daidai yake da na mai kilo 60. Ɓarawon akuya shiru yake so. Abin da ke korarsa haushin da zai tashi maƙwabta ne. Wanda kuwa ya zo da bindiga, girman kare ba zai tsayar da shi ba. Ma'auninta ɗaya ne: kare ya zama wanda in ya fizga da dukkan ƙarfinsa, mai shi zai iya tsayawa da ƙafafunsa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da ta hana ni kwikwiyo. Mu dai mun taso da cewa kare sai an rene shi tun yana jariri yake sanin ubangidansa. Ta ce wannan ga mai ƙarfi ne. Kwikwiyo yana cizon wasa da haƙora masu kaifi, fatar tsoho kuwa ba ta da wuyar yagewa kuma tana jinkirin warkewa, balle mai ciwon sukari. Yana shiga tsakanin ƙafafu, yana tauna takalmi, yana buƙatar abinci sau uku ko huɗu a rana, ga cutar gudawar jini da ke kashe kwiyakwiyai da yawa in ba a yi musu riga-kafi ba. Kuma ba a sanin halinsa sai ya girma. Kare ɗan shekara uku ko huɗu kuwa halinsa ya riga ya bayyana, abin da ka gani shi za ka kai gida.

Daga ƙarshe ta ce in nemi karen gida, irin namu da muke rainawa. Jikinsa ya saba da zafinmu, gashinsa gajere ne, kaska ba ta da wurin ɓuya kamar a jikin masu dogon gashi, cututtukan da kaska ke ɗaukowa kuma sun fi kayar da karnukan waje. Cikinsa ya san ƙanzo da ragowar tuwo, in an haɗa masa da ɗan kifi ko romo. Amma ta ja kunnena ƙwarai a kan abu guda, wato allurar haukan kare. Ana fara yi wa kare ita yana ɗan wata uku, a kuma maimaita kowace shekara, kuma ana sarrafa ta a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan dukkansu daga cizon kare ne. In alamunta suka bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Duk wanda kare ya ciza, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, sannan ya nufi asibiti a ranar, kada ya tsaya shafa toka ko gashin karen. A nan na tuna cewa a shekara 13 ɗin Duna ba a taɓa yi masa allura ba. Allah ne ya kiyaye.

Karen na same shi ne a wurin wani tsohon mafarauci a ƙauyen da ke gaba da namu. Karya ce 'yar shekara huɗu, siririya, mai ruwan ƙasa, wadda ya ce ba ta da amfani a daji domin in ta ga zomo haushi take yi maimakon ta bi shi. Aibinta a wurinsa shi ne abin da nake nema. Na yi kwana uku ina zuwa ina kallonta. Na ga jikokinsa suna jan kunnenta ba ta ɗaga leɓe ba. Na ga an janye kaskon abincinta tana ci, ta zauna tana jira. Na ga kaji suna kiwo a gabanta ba ta kula su ba. Da na shigo ranar farko ta yi mini haushi sosai, da mai gidan ya yi mata magana sau ɗaya ta yi shiru. A rana ta uku na ɗauki Baffa a mota na kai shi, hannunsa har lokacin a rataye, domin na ɗauki alkawarin ba za a sake zaɓa masa ba ya nan.

Akwai daga cikin dangi waɗanda tun farko ba su so a sake kawo kare ba, suna cewa bai dace da dattijo mai sallah ba. Baffa ya fi mu sanin amsarsu. Malamai sun daɗe da bayyana cewa an halatta riƙe kare don farauta da kiwo da gadin gona, shi kuma garke da lambu yake tsarewa. Bai taɓa barin kare ya shiga ɗakinsa ko ya kusanci buzunsa ba, amma kuma bai taɓa kwana bai duba ruwan shansa ba. Yakan tuna mana labarin mutumin da aka gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa.

Ya zauna a kan turmi a gidan mafaraucin, ya daɗe yana kallon karyar. Ta zo ta shinshina ƙafarsa, ta koma gefe ta kwanta. Sai ya yi mini tambayar da ni da likitar da Yaya duk ba mu yi ba. Ya ce, "Ɗana, irin wannan shekara nawa suke yi?" Na ce in an kula da su sukan kai 12 ko 13, kamar Duna. Ya ƙirga da yatsun hannunsa mai lafiya, ya ce, "To saura mata takwas ko tara. Ni ban san ko ina da su ba. In na riga ta, wa zai riƙe ta? Ba na so a kore ta ta koma bin bola." Na rasa abin cewa, na soma yi masa addu'ar tsawon rai. Ya ce amin, amma ba amsar tambayarsa ke nan ba. Bai yarda an sa ta a mota ba sai da na ce ni zan karɓe ta, a gaban mafaraucin, ya zama shaida.

An yi mata allura a makon, aka ba ta maganin tsutsar ciki, daga baya likitar ta yi mata aikin hana haihuwa, domin karya in ta shiga lokacinta sai ta tara wa gida karnukan unguwa. Katin allurar yana cikin akwatin da Baffa ke ajiye takardun fanshonsa, ni kuma na rubuta ranar maimaitawa a wayata. Ba a ɗaure ta sai in baƙi sun yi yawa, kuma da igiya mara nauyi wadda aka hana shi naɗawa a hannu. Yaya bai ji daɗi ba da farko, ya ce mun koma gidan jiya, amma shi ke aiko kuɗin kifinta yanzu.

Baffa ya sa mata suna Barsu. Da na je ranar Juma'ar da ta wuce, na tarar da tsofaffi huɗu a ƙarƙashin darbejiya suna musu a kan farashin taki, ita kuma tana kwance a bakin garke. Ta ɗago kai ta yi mini haushi sau ɗaya. Baffa bai ko waiwaya ba ya ce wa abokansa, "Na gida ne."