Na sauke a-kori-kurar Baba, ta kusa kashe mu

1/ Bari in ba ku labarin wautar da na tafka a hutun bara. Duk mai shirin sauke motarsa ƙasa don gayu ya karanta har ƙarshe.

2/ Baba ya bar min tsohuwar Hilux ɗinsa. Ni kuma na gama kallon bidiyon 'yan Amurka da ke sauke Chevrolet C10 har ta kusa lasar kwalta. Na kai ta gareji aka sauke ta inci 3. Ta yi kyau wallahi. Shakazoba kuwa ban ko tuna da ita ba.

3/ Ranar da na ɗauko ƙanwata daga makaranta, na shiga kwana da ɗan gudu, ga rami a tsakiya. Ƙau! Bayan motar ya yi tsalle ya zame gefe, saura kaɗan mu faɗa kwalbati. Ta ce "Yaya, tsaya in sauka." Har yau maganar nan na damuna.

4/ Wani dattijon bakanike ne ya fahimtar da ni. Sifirin ke ɗaukar nauyi, shakazoba kuma ita ke hana motar yin ta lilo, ta riƙe taya a ƙasa. Da na sauke motar, tsohuwar shakazobar ta zauna a matse. Rami kaɗan sai ta kai ƙarshe ta daki kanta. Tayar da ke sama kuma ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari.

5/ Ya ce "Yaro, awo ake fara yi." A auna tsakanin ƙusoshi biyu da ke riƙe ta, mota na tsaye. A nemi gajera wadda za ta zauna kusan tsakiyar tafiyarta, da sarari sama da ƙasa. A duba robar da ke tare aksul, ita ya kamata ta fara taɓawa kafin shakazoba ta ƙure.

6/ Iri biyu ne. Mai bututu biyu ta fi araha da laushi. Mai bututu ɗaya, irin ta Bilstein, ta fi saurin fitar da zafi, ba ta saki a doguwar gargada. Ita na so, aljihu ya ce a'a. Na sayi mai bututu biyu sabuwa wadda ta dace da awon, ban ɗauki 'yar Kwatano ba.

7/ Kar a ruɗe ku da "mai tauri ta fi". In ta yi tauri da yawa, bayan a-kori-kura ba kaya, tsalle zai yi ta yi. Kuma bibbiyu ake canzawa, hagu da dama tare.

8/ Ƙarshe dai na ɗaga ta inci 1, don titinmu ba na bidiyo ba ne. Baba bai ce komai ba, ya danna bayanta da hannu, ta taso sau ɗaya ta tsaya. Ya gyaɗa kai.

9/ Ƙanwata har yanzu Keke take hawa. Ban ga laifinta ba.