Abin da ke Ƙarƙashin Rigar Baƙin Yarima

Yawancin masu zuwa babbar majami'ar Kantabari, a kudu maso gabashin Ingila, labarin Tomas Beket ne ke kawo su, babban limamin da aka kashe a cikinta a 1170. Ni kuwa kabarin Edwad na nufa, ɗan Sarki Edwad na Uku, wanda ake yi wa laƙabi da Baƙin Yarima. Shi ne ya kama sarkin Faransa da ransa a yaƙin Fuwatiye a 1356. Ya rasu a 1376, shekara guda kafin mahaifinsa, saboda haka bai ɗanɗana sarauta ba.

A kan kabarin an kwantar da siffarsa ta tagulla mai ruwan zinariya, hannuwa haɗe, cikin cikakkiyar shigar yaƙi. Kallon farko sai ka ce dunƙulen ƙarfe ne guda. Sai ka bi gefuna da ido sannan kayan ke rabuwa. Daga bakin kwalkwalinsa mai tsini sulke ya sauko, zobe cikin zobe, ya rufe wuya da kafaɗu. Rigar sama ta matse shi, ɗauke da zakunan Ingila da furannin Faransa, amma yadda ƙirjin ya yi tudu, ƙugu ya tsuke, ya nuna akwai ƙarfe a ƙarƙashi. Can ƙasa kuma, inda rigar ta ƙare, wani sulken ya ɗan leƙo. Maƙerin da ya yi wannan aiki ya san kayan yaƙi ciki da bai, ba ji ya yi ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne rigar kanta tana nan. Kwalkwalinsa da garkuwa da safar hannu ta ƙarfe da kuben takobi da wannan riga sun yi ɗaruruwan shekaru rataye a saman kabarin, har aka sauke su don adanawa, aka rataye kwaikwayonsu a madadinsu. Karammiski ce ja da shuɗiya a da, yanzu ta koɗe, an cusa mata auduga an bi ta da ɗinki layi-layi. Duk wanda ya taɓa ganin 'yan lifidi a hawan sallah ba ya bukatar a yi masa bayani. Tarihin Kano ma ya ce Sarki Kanajeji ne ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali, kuma tsakanin zamaninsa da rasuwar Edwad tazarar ba ta da yawa.

Amma mai son ƙidaya kayan ɗaya bayan ɗaya, ya nufi wani ɗan ƙauye a yankin Kambirij mai suna Westley Waterless. A cocinsu akwai faifan tagulla da aka zana Sir John de Creke da matarsa a kai. Ya riga Baƙin Yarima, kuma a zamaninsa rigar sama doguwa ce ta baya, gajera ta gaba. Wannan yanka ne ya tona asirin komai. Ƙarƙashinta ga bakin wata riga mai ado, wadda masana ke cewa farantan ƙarfe ne manne a cikinta. Ƙarƙashin wannan ga sulke. Can ƙasa da su duka, dab da gwiwa, ga bakin rigar auduga mai ɗinki, wadda ke tare zafin duka, ta kuma hana zobba cin fata. Hawa huɗu ke nan, kowanne ya ɗara na samansa tsawo kaɗan. A ƙwauri da damtse an ɗaure ƙarfe a kan sulke da maɗauri, domin a lokacin ƙarfen bai riga ya kori sulke ba.

Sai dai ba kowane layi ake gaskatawa ba. Sulken Sir John an zana shi jeri-jeri, da zare tsakanin kowane jeri. Masu binciken ƙarni na 19 sun ɗauka wani nau'in sulke ne na daban, har suka raɗa masa suna, suka yi ta ƙoƙarin gano yadda ake saƙa shi. Yau akasarin masana sun tafi a kan cewa dabarar mai zane ce kawai, wanda ba zai zauna yana sassaƙa dubban zobba ɗaya-ɗaya a kan tagulla ba.